Injin Jirgin Yayana

Yayana mai gyaran injin ban ruwa ne a Gure. Masu garka a cikin kwari duk sun san ƙofar gidanmu. Ni kuma tela ce, kekena na zaure, shi ya sa komai a gabana aka yi shi.

Wata ranar kasuwa ya dawo gida da wani tsohon inji a ka, ya dire kusa da wanda ya daɗe a gindin garu, ya ce jirgin sama zai ƙera.

Na ce, “Yaya, ina fukafukan?”

Ya ce, “Wannan aikinki ne, ke za ki ɗinka masu riga. Amma sai inji ya yi numfashi tukuna.”

Inna ba ta faɗin sunansa, don shi ne ɗan fari. Ta dube ni ta ce, “Gaya wa wancan kada ya taɓa mini tukwane.” Ta san halinsa. Kafin sati tukunyar dalma ɗaya ta ɓata, ya narka ta ya zuba abin da zai haɗa injunan biyu su juya sanda ɗaya.

Wahalar duk a nan take. Wannan ya tashi, wancan ya yi tari ya mutu. Ya wanke buji, wato fulogi, da man esansi, ya goge, ya mayar. Wata uku yana fama, har na iya gane wanne ne ya mutu daga zaure, ba tare da na ɗaga ƙafa daga keke ba. Farfela kuwa da hannunsa ya sassaƙa ta. Ya rataya ta a ƙusa, ɓangaren da ya rinjaya ya kankare, har ta tsaya daidai.

Ranar gwaji, da hantsi, ya ɗaure injin a bayan amalanken jaki. Ya ja igiya sau biyu, a na uku duka biyun suka kama tare. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Kuɓewar da Inna ta shanya a tabarma ta tashi sama, tabarmar ta bi ta, suka sauka gidan maƙwabta. Inna ta fito tana faɗa da Barbarci, ba mai jin ta.

Washegari muka tura amalanken bayan gari, inda ƙasa ke da tauri. Ya hau, ya ƙara wuta. Amalanke ba jaki ya kama tafiya, da farko kamar mai jin kunya, daga baya har na kasa cim masa da gudu. Ya yi nisan filin ƙwallo kafin tudun rairayi ya riƙe tayoyin. Na tarar da shi zaune, baki cike da yashi, yana dariya.

Ya ce, “Kin gani? Yana turawa.”

Da muka ɗora injin a sikelin masu kanwa, dariyar ta ragu. Ya fi Yaya nauyi. Ya yi lissafi a ƙasa da tsinke, ya share, ya sake. Ya ce fukafukan da za su ɗauki wannan sai sun fi gidanmu faɗi.

Da kaka ta zo, wata maƙwabciya ta shigo da ƙwaryar gero, ta ce iska ta ƙi kaɗawa, ko zai tada mata abin nan. Ya tada shi a hankali, ta tsaya can nesa ta sheƙe geronta tas. Kafin la'asar mata sun yi layi har waje.

Yaya yana riƙe da wayar ƙara wa injin wuta, fuska a murtuke, yana ce wa kowacce, “Ki sani dai injin jirgi ne.”

Su ce, “Mun sani, Malam. Ɗan rage kaɗan, yana kwashe tsabar.”