Kififiyar da Na Kai Gida da Hannuna

Malam Edita, lokacin da abin nan ya faru ni matashin malamin firamare ne, ɗan Tambuwal, an tura ni koyarwa wajen Kebbe jim kaɗan bayan an ba mu jihar Sakkwato. Kuɗin mai na yawo, na sayi sabon babur, ina ji da kaina kamar ni na kawo boko ƙasar. Ni ne mai duba farcen yara kowace safiya, wanda na samu da dauɗa ya sha bulala. Wannan shi ke ci mini rai har gobe.

Wata rana da damina na biyo ta Fakku, na tarar masunta sun kamo 'yar kififiya, ba ta fi tafin hannu ba. Na karɓo wa ɗiyata mai shekara uku, na sa mata ita a tsohuwar tasa da ruwa. Yarinya ta haukace a kanta, ta goya ta da ɗankwali, ta gutsura mata tuwo, ta mayar da hannun nan baki. Ni kuma, gwanin tsafta, da moɗar randarmu nake kwashe tsohon ruwan tasar, in ɗauraye sama-sama in mayar kan randa. Matata ta yi magana ba sau ɗaya ba. Ta ce ita a gidan malamai ta tashi, ruwan da kashin dabba ya sauya wa wari ko alwala ba ta yi da shi, balle ya kusanci abin sha. Na yi mata dariya. Na ce abin da ke zaune cikin ruwa kullum ai ya fi mu wanka, ta bar wa masu ilimi maganar lafiya. Wallahi da bakina na faɗi wannan shirmen.

Ba a yi sati biyu ba zazzaɓi ya rufe yarinya, sai amai da zawo har da jini. Nan ma taurin kai bai sake ni ba, na ce ɗanyar gyaɗa ta ci, na ɓata kwana biyu ina ɗura mata ƙwayoyin kanti. Sai da idanunta suka faɗa muka hau babur, uwar na rungume da ita, hanya duk taɓo, muka yini kafin mu kai asibiti a Tambuwal. Ma'aikacin da ya duba ta ya tambayi abin da take ci da abin da take wasa da shi, uwar ta faɗa masa komai. Ya ce kififiya da kunkuru na ɗauke da ƙwayoyin cuta a kashinsu da bayansu ko da lafiyarsu lau, kuma jikin ƙaramin yaro ba ya jure su. Ya tambaye ni sana'ata, na juya na koma wajen gadon yarinyar. An yi mata ƙarin ruwa, amma mun makara. Washegari da hantsi ta cika.

Masu gaisuwa suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda, amma sakacin nawa ne, kuma har yau in na ga uba yana miƙa wa ƙaramin yaro kunkuru yana washe baki sai raina ya ɓaci. Ku raba su da shi. In ya zama dole, a wanke hannu da sabulu, kada kwanonsa ya haɗu da na abinci. Kuma ku saurari wanda ya gargaɗe ku ko bai taɓa shiga aji ba. Matata ba ta taɓa yi mini gori ba. Sai dai tun daga ranar ba ta sake bari in taɓa randa ba, in ina jin ƙishi ita ke tashi ta ɗebo mini.