Zaren da Baba Ya Ɗaura

Har yanzu idan na ji warin fetur raina ɓaci yake yi, saboda abin da Baffa, ƙanin mahaifina, ya yi wa motarmu.

Bayan rasuwar Baba motar ta koma hannunsa kafin a raba gado. Abu ɗaya Inna ta roƙe shi: ranar da ta fita takaba ya kai ta garin Poli ta ga mahaifiyarta, wadda ciwon ƙafa ya hana zuwa wurinmu a garin Garuwa ta'aziyya. Ta ce a motar mijinta take son ta isa ƙofar gidansu. Baffa ya ce an gama.

Sai kuma ya fara cewa motar ba ta da ƙarfin hawa hanyar Poli, alhali Baba ya yi shekaru yana bin hanyar da ita. Wani abokinsa ya kawo masa sababbin injekta daga Yola, wato 'yan bututun da ke fesa wa inji mai. Ya kira bakanike har gida. Na dawo daga lise, makarantarmu ta sakandare, na tarar an ɗaga bonet a ƙarƙashin dalbejiya. Na tsaya a zaure da jakata, ba wanda ya lura da ni.

An ɗaura sababbin, amma soket ɗin wayar motar ya ƙi shiga. Namu mai kusurwa huɗu ne da ɗan ƙarfen da ke riƙe shi. Na sababbin mai zagaye ne kamar ƙwai. Bakaniken ya juya shi ta ko'ina. Ya ce akwai ɗan mahaɗi da ake sawa a tsakani, sai an aiko daga birnin Dwala. Ko a jira, ko a mayar da tsofaffin, don lafiyarsu ƙalau.

Baffa ya yi dariya. "Waya ai waya ce, malam. Miƙo filaya."

Kowane soket yana da zare a wuyansa: ja, kore, shuɗi, rawaya. Daga kwandon ɗinkina Baba ya karɓa wata rana, ya ɗaura su don kada a rikita wace waya ce ta wane bututu. Ni na riƙe masa almakashi. Ina kallo Baffa ya datse su duka huɗu, ya watsar a ƙasa tare da zaren. Bakaniken ya ce da Fulatanci shi dai babu hannunsa, ya koma gefe yana goge yatsu. Baffa ya murɗe wayoyin da kansa, ya naɗe da baƙin salatif.

Da ya kunna, motar ta hau kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Ta yi tari, ta yi baƙin hayaƙi, warin fetur ya shiga har ɗakin Inna. Ya warware ya sake haɗawa, ya sake, har wayoyin suka gajarce suka daina kaiwa. Tsofaffin injektan ma ba su da inda za a jona su yanzu. Ya ce laifin tsufan mota ne, ya ce Baba ne bai kula da ita ba. Wannan maganar ta fi yankan yi mini ciwo.

Ranar fita takaba, Inna ta yi wanka ta sa atamfa, kayanta a ɗaure. Baffa ya shigo yana cewa ya samo mata kujera mai kyau a motar haya, kusa da taga. Ta dube shi, ta miƙa hannu.

"Alhaji, ba ni makullin."

Ya fara bayanin Dwala. Ba ta sauke hannun ba sai da ya ajiye shi a tafinta.

A motar haya muka tafi, kwalla a kan cinyata, ƙafafun Inna a kan buhun wani. Makullin yana ƙulle a gefen zanenta. Soket ɗin huɗu kuma suna cikin gwangwanin alƙalumana, kowanne da zarensa. Na tsince su tun ranar, kafin a share tsakar gida.