Faɗin Ƙirjin Mijina

Shekara biyu mijina yana can gabas wajen aikin soja bai leƙo gida ba. Wata rana ya ce mini a waya sanyin wurin har ƙashi yake shiga. Washegari na sayo ulu ruwan toka a kasuwar Zuru, na fara saƙa masa suwaita mai maɓalli a gaba. Da na san abin da zan jawo wa kaina, da bargo na saya.

Gida ɗaya muke da uwarsa, tsohuwa 'yar firit wadda ba abin da ke wuce idonta. Ta zuba mini ido sai da na gama bayan rigar, sannan ta ɗaga ta da yatsa biyu.

"Wagga ta wa ce? Ta mai unguwa?"

"Ta ɗanki ce, Mama."

"Ɗana ba buhun dawa ba ne. Ki rage."

Na durƙusa cikin ladabi na ƙi. Ni fa na san faɗin mutumin nan. Kafin a ba shi ni sai da ya yi golmo, noman nan da saurayi ke yi wa iyayen yarinya, damina bayan damina a gonar babana ta hanyar Manga. Ba riga a jikinsa, ni kuma ina kai ruwa ina ƙare masa kallo. Amma wace mace ce za ta iya faɗa wa surukarta haka? Ita kuwa hujjarta ba kunya a ciki: "Ni na haihe shi." Ta ɗauko hotonsa na ranar da aka ɗauke shi soja, wuya kamar mariƙin lema, ta ce ga ma'auni nan.

Ina koyarwa a firamare. Da na fita da safe, sai Mama ta zauna gindin mangwaro ta warware gefen rigar ta tsuke ta. Ta iya saƙa tun tana budurwa, ta ma fi ni, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. In na dawo sai in warware nata in ƙara faɗi. Ba wadda ta taɓa tayar wa wata da maganar, gaisuwarmu lafiya lau. Ulun ne ya sha wahala, har ya murmurɗe kamar taliyar yara.

Zance ya kai zumuntar mata ta cocinmu, suka rabu gida biyu: iyayen sojoji bayan Mama, matan sojoji bayana. Wata Lahadi bayan sujada aka tare wani dattijo, wai girmansu ɗaya da mijina, aka gwada masa. Bawan Allah ya tsaya hannu a buɗe, mata na jan sa ta ko'ina, ƙarshe ya ce shi dai ta yi masa daidai in babu mai so.

Na kira mai rigar ta bidiyo ya raba gardama. Mutumin da ke tunkarar harsashi ya ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne." Na ce ya ja wayar baya in ga jikinsa, ya ce sabis ba kyau. Kullum fuska kawai yake nuna mini, ita ma a inuwa. Na ɗauka tsoron uwarsa ne, na yi ta yi masa tsiya. Maganar gaskiya, ba rigar ce ta dame ni ba. Tsoro nake ji kada ya zamana shekara biyu sun isa in manta jikin mijina, kuma a gane haka a gaban mutane.

Ana saura kwana kaɗan Kirsimeti sai ga shi da rana tsaka a bayan babur, ba ko sanarwa. Ranar kuwa hannun Mama ne na ƙarshe a kan rigar. Ko ruwa bai gama sha ba ta miƙa masa ita, tana kallona ta wutsiyar ido.

Ya saka. Maɓallai suka shiga ba gardama, har da sauran wuri. Kafaɗun rigar suka zubo masa, gabanta na reto. Sai a lokacin na dube shi da kyau, na ga ƙasusuwan wuyansa a waje. Ya yi dariya ya ce zazzaɓi ne ya ɗan taɓa shi, da yawan tafiyar ƙasa, ba wani abu ba.

Mama ta ci gardama. Na jira in ji abin da ta tanadar mini na wata uku. Sai ta kama gefen rigar, ta tattara abin da ya yi saura a tafin hannunta, ta daɗe tana riƙe da shi. Ban taɓa jin tausayin wanda ya kayar da ni ba sai ranar.

"Tuɓe," ta ce masa.

Ta miƙo mini rigar ba tare da ta kalle ni ba.

"Ki maishe ta yadda kika yi ta da fari, ɗiyata. Kar ki rage ko zare guda. Shi za mu gyara."

Ta zagaya bayan rumbu neman zakara, ni kuma na zauna na fara warwara.