Sallar da Aka Aiko Mana da Tsutsa a Kwano

Ku matso nan kusa in ba ku labarin wata babbar sallah da muka yi a Kubwa.

Lokacin maigidana yana aikin gwamnati, kullum ya bi bas ya shiga gari, ni kuwa ina gida. Autata tana neman digiri na biyu a kan tsutsotsin da ke zama a cikin dabbobi. Ni ko firamare ban ƙarasa ba, amma duk abin da ta faɗa a gabana sai kunnena ya riƙe.

Gab da sallah ta dawo fuska a murtuke. Ashe tsutsotsin da ta yi wata da watanni tana tarawa daga mayanka, a ruwan ajiye gawa ta zuba su duka. Ruwan yana da kyau in da madubin likita za a duba su, amma yana lalata ƙwayar halittar da ake gwadawa a gane asalin tsutsa da danginta. Wannan gwajin sai wadda aka ajiye a sifirit. Ogarta a makaranta ta ce in ba ta kawo sababbi ba kafin a aika kayan gwaji, sai dai baɗi.

Na tambaye ta kamanninsu. Ta ce ta hanta faffaɗa ce kamar ganye, ta tumbi kuwa 'yar ja ce, ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. Na ce ai ga layya ta zo, waɗannan ne muke kankarewa mu watsa a kwata duk shekara.

Na leƙa ta katanga na gaya wa maƙwabciyata ta aiko mana da tsutsotsin ragonsu, ita ma ta gaya wa ta gaba. Akwai wata mutuniyar Kuje, Kirista ce, da ke zuwa taya mu wankin kayan ciki kowace sallah. Da ta ji sai ta dafa ƙirji ta ce, "Hajiya, yarinya naki zai ci ne?"

Na ce, "Karatu za ta yi da su."

Ta ce, "To, Allah ya kyauta boko."

Ranar sallah, tun kafin azahar kwanuka suka fara shigowa, kowanne a rufe da faifai kamar an aiko da tuwo. Abin da ban lissafa ba, a unguwarmu ba a mayar da kwano ba komai. Sai in wanke shi tas da sabulu in zuba cincin. Da cincin ya ƙare na koma kan soyayyen nama. Maigida ya shigo ya buɗe wani kwano yana zaton dambu ne, ya mayar da faifan a hankali ya ce shi yau ya ƙoshi.

Auta ta shimfiɗa leda a baranda, ta sa safar hannu. Kowace tsutsa sai ta ɗauraye ta a ruwan gishiri, ta yanko ɗan gefenta ta jefa a kwalbar sifirit. Sauran jikin ta kwantar tsakanin gilasai biyu don ya baje, ni kuma in ɗaure da zaren ɗinkina, tana ta cewa, "Mama, a hankali, kada ki fasa mata ciki." Kwalaben suka kwana a firiza, gefen cinyar ragonmu.

Kayanta suka bi na sauran ɗalibai, gwaji ya fito, shekararta ba ta tafi a banza ba. Bayan ta rina na tsakanin gilasan ja ta duba a makaranta, ta kawo mini hoton a waya. Hanjin tsutsar hanta ya yi rassa-rassa, wallahi kamar zanen lalle a hannun amarya.

Ku da kuke wanke tumbi duk sallah, kun taɓa tsayawa kun dube su kafin ku zubar?