Ranar da Aka Zo Neman Dawar Taimako a Gidanmu

Da hantsi ina daka jar dawar nan ta taimako, wadda na bi layi na karɓo kamar kowa a unguwarmu ta Zango. Baba na zaure yana jin radiyo. Idonsa ya mutu tun bara, amma hannunsa bai bar ɗinkin fata ba.

Ƙanena Mamman ƙaramin minista ne a Yamai, mai kula da hulɗa da ƙasashen waje da kayan taimako. Tun da ruwa ya ƙi, shi ke bin ƙasashen Turawa yana roƙo mana hatsi. Ran nan radiyo ta ce gwamnati ta faɗi, an kama ministoci duka. Kafin rana ta take, zance ya gama gari: wai ministoci sun ɓoye dawa a gidajen iyayensu.

Ana sallame azahar na ji ƙugin kamiyo, babbar motar nan ta ɗaukar kaya. Sai takun ƙafafu. Sai ihu.

"A buɗe! A fito da buhuna!"

Ban jira sun ɓalle ƙofa ba, ni na buɗe. Masu bindiga a gaba, mutanen unguwa a baya, yunwa ta zurma musu ido. Na san kowa da sunansa. Na wangale ɗakin ajiya, na kife tukwane, na ce su duba. Ƴar dawar da ke turmi kaɗai suka samu. Haushi ya kama su. Aka tona tsakar gida. Aka sa wa rumfa wuta. Baba ya miƙe yana lalube, yana kiran sunayen maƙwabta. Gindin bindiga ya same shi a ƙirji.

La'asar ta yi mana a bayan gari. Na ɗora Baba kan jakin wani mai itace, muka nufi garin Droum wurin dangin Inna. Hanya duk mushen shanu. Baba ba ya magana, numfashi kawai, sama-sama.

A bakin rijiyar wani ƙauye mata suka tambaye ni ƴar gidan wa ce. Mai jaki ya ƙifta mini ido in yi shiru. Na ce, "Yayar Mamman minista ce ni. Wannan ubansa ne, ku ba shi ruwa." Sai wata tsohuwa ta miƙo guga.

Baba ya kurɓa. Bai kai Droum ba. Mazan ƙauyen suka binne shi a gefen hanya kafin magariba.

Bayan shekaru aka sako Mamman, ba a same shi da ko tiya ɗaya ta dawa ba. Ya ce in kai shi kabarin. Muka je, muka yi ta dubawa. Rairayi ya shafe wurin.