Mai Gwaiba a Gidan Zane

Wani dattijo yana tuɓe takalmansa na roba a ƙofar sabon gidan zane na Gwarzo, kamar mai shiga masallaci. Kwandon gwaibarsa na kan keke a waje, ta nuna luguf, ba za ta kai gobe ba. Da alama daga ƙauyen Kara ya taso, don ya ji an ce baƙin Kano za su dinga tururuwa, gari ya farfaɗo daga wannan matsi. Shi kaɗai ne baƙon yau.

Yana tsaye gaban wani zane, hannuwa a baya. Kasuwar garin ce: ga rumfuna, ga buhuna, ga kwanon awo a kife. Ya matsa, ya ja da baya, ya murza ido.

"Hajiya, ina mutanen?"

Badi'a mai kula da wurin ta gyara mayafi. "Baba, tun zuwan Shari'a mai zanen ya daina zana abu mai rai."

Ya daɗe yana shafa gemu.

"Ikon Allah! Ai bai rage kowa ba. Ta kasuwar na biyo, haka take, ba kowa. To wannan ɗin za a taso daga Kano a kalla?"