Gaisuwar da Inna Ta Bari a Waya

Duk wanda ya zauna cikin 'yan Nijar na Greensboro a shekarun nan ya san Tchima mai dambu. Gajera ce, 'yar Tasawa, mai dariyar da ake ji tun daga bene na ƙasa. Ta biyo mijinta Mamane Amurka a 1997, suka kama ɗaki a bayan titin Wendover, inda ƙarar motoci ba ta yankewa. Da rana tana ninke zannuwan gado a wani otal, Asabar kuma duk gidan da ake suna ita ce kan tukunya. Allah bai ba su haihuwa ba, don haka duk son da ke cikinta ya tattara ya koma kan mahaifiyarta, Inna, wadda ta bari a Tasawa wajen Boukari, ƙanen Tchima. Kowace Lahadi sai ta sayi katin waya ta kira ta.

Mamane kuwa malamin firamare ne a gida. A nan motar ɗaga kaya yake tuƙawa a wani sito, amma malanta ba ta sake shi ba. Ko gaisawa ka yi da shi da Faransanci sai ya gyara maka baki. Ya haddace sunayen kogunan Faransa tun yana ɗan aji huɗu, bai taɓa ganin ko ɗaya ba.

Shekara tara suka yi ba takardu, ba halin fita ƙasar. A tsakanin mutanen nan akwai dokar da ba wanda ya rubuta: ranar da takardunka suka fito, tafiyar farko ta gida ce, ka je ka durƙusa gaban iyaye. Nasu suka fito a 2006. Ana cikin murna sai kamfanin su Mamane ya yi ƙuri'a tsakanin ma'aikata, ta faɗo kansa: yawon buɗe ido na mutum biyu a Faransa, kwana takwas, da ciye-ciye da zagayen gonakin inabi inda ake yin giya. Ba a sayarwa, ba a bai wa wani.

“Malam, konjena fa, hutun aiki, kwana goma ne a shekara,” in ji Tchima. “In na ƙone shi a Faransa, da me zan je wajen Inna?”

“Haba Tchima. Baɗi in Allah ya kai mu sai mu je mu yi wata guda cur. Inna ta jira shekara tara, ɗaya ba za ta gagare ta ba.”

Ta yarda. Kuma a faɗi gaskiya, ba don shi kaɗai ba ne. Ita ma ranta ya biya. Matar da ta shekara tara tana gyara wa baƙi gado ta so ta ji yadda ake kwanciya a tashi a bar wa wani gyara. Sai dai kunya ba za ta bari a faɗa ba. Suka ce wa maƙwabta za su New York bikin wani aboki. Inna kuwa, da ta tambaya ranar Lahadi ko takardun sun fito, Tchima ta ce, “Sun kusa, Inna.” A lokacin suna cikin jakarta.

Farkon Satumba suka sauka Paris. Mamane ya zama yaro. A cikin jirgin ruwa yana kiran sunan kowace gada kafin mai jagora ya buɗe baki, har tsofaffin Turawan da ke ayarin suka fara tafa masa. Tchima ta hau hasumiyar ƙarfen nan tana salati, hannu ɗaya a kan ɗankwali. Nama ba ta taɓa ba, tunda ba ta san wanda ya yanka ba. Kifi da burodi ta yi ta ci, da wani cuku da ya fi daddawa wari. Da aka kawo dodon koɗi a faranti ta tura wa Mamane, shi ma malamin Faransanci ya kau da kai. Tana da ƙullin yaji a jaka, kowane abinci sai ta barbaɗa a ɓoye. Wata tsohuwa cikin ayarin, Abigel, ta kama ta, ta roƙi ɗanɗano, ta yi ta tari har da hawaye, washegari kuma ta dawo neman ƙari. Tchima ta ji daɗi a kwanakin nan, daɗin da ba ta taɓa ji ba, kuma wannan ne abin da ta kasa yafe wa kanta daga baya.

Ranar Talata aka kai su wata gonar inabi kusa da Bordeaux. Wajen ƙarfe uku na rana aka gangara da su wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, ganguna jere cikin duhu, ga sanyi ga tsami. Mai gonar da kansa ya miƙa wa kowa kofi. Tchima ba ta saba mayar da hannun mai masauki ba, sai ta karɓa ta riƙe nesa da jikinta. Sauran suna shinshinawa, su kurɓa, su tofar.

“Malam, wannan abin sha ne ko na kurkure baki?” ta raɗa wa Mamane.

Ya danne dariya. Ita ma ta fara, sai dariyar ta yanke. Wani sanyi ya ratsa ta wanda ba na ɗakin ba ne, ta ji kamar an tsaya a bayanta ana jira ta juyo. Ta juya, ganguna ne kawai. Ta ajiye kofin ta haye sama da sauri, ta zauna a rana. Mamane ya ce ba ta saba da irin wurin ba ne.

Lahadi da la'asar suka dawo Greensboro. Suna jan akwati a matakala sai ga maƙwabciyarsu, Hajiya Kouloussoum, ta fito ba ko takalmi.

“Ina kuka shiga? An buga waya New York gida gida, ba wanda ya gan ku!” Sai ta kama hannun Tchima ta sassauta murya. “Sai haƙuri, 'yata. Inna ta rasu tun Laraba. An kai ta ranar. Sadakar uku a ɗakina muka yi.”

Idon Hajiya ya sauka kan takardar da ke maƙale a hannun akwatin, ta karanta sunan garin da suka fito. Ta kau da kai, ta rufa musu asiri, ranar da bayanta.

Kwana biyu ɗakin cike da masu gaisuwa. Sai da aka watse Tchima ta lura da jar fitilar na'urar ɗaukar saƙo tana ƙiftawa kusa da waya. Saƙo goma sha ɗaya. Goma na Boukari ne da 'yan uwa, ana nemanta. Na farkon kuwa na'urar ta ce ranar Talata ne, ƙarfe tara na safe. Mamane ya lissafa a zuci, ƙarfe uku ke nan a Faransa, ya sunkuyar da kai.

Ga abin da ya faru. Muryar da ke amsa kira a na'urar ta Tchima ce, kuma da sallama ta fara kafin Turancin. Inna, da ciwo ya kwantar da ita, ta sa Boukari ya buga. Shi kuma yana jin yayarsa ta fara sallama bai jira sauran ba, ya kara wa tsohuwa wayar a kunne. Inna ba ta taɓa jin an yi magana da na'ura ba. Ta ji muryar 'yarta, sai ta kama gaisuwa yadda ake yi, tana bari a amsa.

“Wa alaikumus salam. Tchima, ina wuni?”

Shiru. Ana jin numfashinta, can nesa kuma wata na daka.

“Ina gajiya?”

Shiru.

“Ina maigidan naki? Yaya aiki?”

Ta jira, ta daɗe tana jira. Sai muryar ta yi nisa, ta juya wajen ɗanta.

“Boukari, na ji sallamarta, amma ta ƙi amsa mini. Ko wani laifi na yi mata?”

Nan saƙon ya yanke.

Da Tchima ta je gida shekarar da ta biyo, Boukari ya rantse mata ya yi wa Inna bayani, ya ce injin ne, ba mutum ba ne. Inna ta ce ita dai ta san muryar abin da ta haifa. Washegarin kiran ta cika.

Hotunan Faransa ba a taɓa wanke su ba. Mamane ya daina gyara wa mutane Faransanci. Ya nemi gafararta ba sau ɗaya ba, ta ce masa shi bai yi wa Inna ƙarya ba, ita ta yi. Ba ta daina dambu ba, dariyarta ma ta dawo, sai dai ba ta kai bene na ƙasa.

A 2009 suka koma wani ɗan gida a McLeansville, cikin gonaki. Kowa ya koma wayar hannu, amma tsohuwar na'urar nan ita ta fara shiga mota, naɗe cikin zane. Kowace Lahadi, lokacin da ta saba kira, Tchima takan yi alwala, ta durƙusa gabanta, ta danna.

“Tchima, ina wuni?”

“Lafiya lau, Inna.”

“Ina gajiya?”

“Ba gajiya, Inna.”

“Ina maigidan naki? Yaya aiki?”

“Yana lafiya, yana gaishe ki. Aiki da godiya. Inna, ga ni, ina jin ki!”

Tana ɗaga murya, tana cike kowane shiru tun kafin ya buɗe. Duk da haka sai Inna ta juya wajen Boukari ta tambaye shi laifin da ta yi.